Bula a Cikin Lagireto

Mijina ya rasu a farkon damina, 'yan shekaru kaɗan bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha. Ya bar ni da yara da wata tsohuwar akori-kura fara wadda ta girmi babbar 'yata. A wajenmu idan namiji ya mutu, kayan maza na 'yan'uwansa ne, daga gona har bindigar farauta, har mota in akwai. Mace tukwanenta take kwashewa. Da aka tashi daga zaman makoki dangi suka taru a tsakar gidan babban wansa, wanda nake kira Yaya, aka dinga ambaton kaya ana cewa wane ya ɗauka, har aka iso kan motar. Makullin yana ƙulle a bakin zanina, kuma na riga na yanke a raina cewa duk mai son sa sai dai ya kwance mini zani a gaban mutane.

Abin da ya taimake ni shi ne ni nake tuƙa ta. Sana'armu sarin doya da masara ce daga Iware mu kawo Kasuwar Jalingo, shi yana tuƙi ni ina ciniki. Da ciwo ya fara cin ƙafafunsa ya kasa taka kuloci, sai ya koya mini a hanyar gona, ina zaune a kan matashi don in hango gaba, yana gefe yana faɗa. Kafin ya kwanta gaba ɗaya na yi wata da watanni ina zuwa Iware ni kaɗai. Dattawa sun san haka, sun kuma san daga bayan motar nan yaran suke cin abinci. Sai Yaya ya gyara zama ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Muddin motan nan yana tafiya, a bar wa matarmu. Ran da ya tsaya, ya dawo gida."

Kowa ya gyaɗa kai aka ce ya yi adalci. Ni dai na ga fuskarsa. Ya san shekarun motar, ya san hanyar Iware, bai yi zaton za ta ga kaka ba.

Ta ga kaka kuwa. Amma ana fara haƙar doya ta soma shan ruwa. In cika lagireto da safe har baki, kafin in wuce gada in fara hawan tudu allurar zafi ta kama hanya zuwa ja. In tsaya in jira ta huce, in buɗe murfi da tsumma, in tarar ruwa ya yi ƙasa. In leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe ƙayau, ko ɗigo babu. Na koma yawo da jarkoki a bayan kujera, ina tsayawa a kowace rijiya da kowane rafi.

Wanda bai taɓa zama mace tsaye a gefen titi da bonet a buɗe ba bai san yawan makanikai da ke ƙasar nan ba. Kafin ki miƙe daga duba ruwa kawunan maza sun cika injin, ke mai motar an tura ki baya. Kuma a hanyar nan kowane namiji yana da maganin yoyon lagireto, kuma duk maganin daga madafa yake fitowa. Wani direban tasha ya rantse mini da garin barkono, ya ce yana bin ruwa ya je ya toshe ramin. Mai shayi a bakin kasuwar Iware ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki tun kafin in buɗe baki, ya ce zafi zai dafa shi a daidai inda yake yoyo. Wani dattijo mai keke ya ce yaran yanzu ba su san komai ba, garin kuka ne maganin, ya kwance ƙullinsa ya zuba. An sa taba gari, an kankare sabulu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ga ramin da yake toshewa, babu kuma wanda ya tambaya ko akwai shi. Duk wanda ya zuba nasa sai ya kaɗe hannu ya ce in je in yi barci, an gama. Washegari in sake tsayawa a tudun nan, wani ya zo ya zagi aikin na jiya ya zuba nasa.

Abin ya ƙara lalacewa. Da sai na yi nisa take zafi, yanzu ko cikin gari sai ta tafasa. Rannan na taso daga Iware da lodin doya, na wuce Sunkani kaɗan sai tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na kashe ta da sauri. Na zauna a gindin bishiya har rana ta karkata, na zuba ruwan da ya rage, ta tashi, amma ban yarda in matsa mata da kaya ba. Wani mai babbar mota da ya san mijina ya ɗaura mini igiya ya ja ni. Gidan Yaya kuwa a bakin titi yake, babu hanyar shiga unguwarmu sai ta ƙofarsa. Yana zaune a kan benci muka wuce, ni ina riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai, igiya a gaba. Ban dube shi ba. Kunya da haushi suka cika ni.

Da sassafe ya yi sallama. Ko ruwa bai karɓa ba. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya duba ƙasa, ya miƙe ya ce mota ya tsaya. Na ce masa bai tsaya ba, ya gaji ne, shi ma Yaya in ya sha noma ai yana kwanciya. Bai yi dariya ba. Ya ce ya yi magana da waɗanda suka san mota, duk bakinsu ɗaya: ruwan da yake ɓacewa ba a gan shi a ƙasa ba, cikin injin yake shiga, injin ya tsage ke nan, kuma tsagaggen injin ba ya gyaruwa. Ya ce akwai wani mai sayen matattun motoci yana wargaza su ya sayar da kayan, sun riga sun yi magana, zai zo da igiya da safiyar kasuwar Iware mai zuwa. Ya ƙara da cewa don ni yake yi, kada wata rana dare ya yi mini a daji.

Na ce masa na ji. Da ya juya zai fita na ce ya faɗa wa mutumin ya zo da igiyarsa mai kyau, kada ta tsinke a banza. Ban san abin da zan yi ba a lokacin, bakina ne kawai ya ƙi mutuwa. Da ya tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, domin tsoro ya kama ni ƙwarai. Idan motar nan ta tafi, zan koma tallan doya a tire a bakin kasuwa, in aika yaran ƙauye wajen dangin ubansu.

A bayan Kasuwar Jalingo akwai wani dattijo Bakano mai gyaran lagireto, rumfarsa cike da dalma da gawayi. Mijina yana yabon aikinsa. Na cika motar da ruwa na lallaɓa har wajensa. Ya kwance lagireton ya kifa shi a kan wani tsohon kwano, abin da ya fito sai da makwabtansa suka taso kallo. Wani kauri ne mai yauƙi, launin ƙasa, ga farin ƙwai a dunƙule, ga warin barkono har yana sa atishawa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Madam, saura daddawa da gishiri a sauke."

Duk baƙin cikin da nake ciki sai da na yi dariya. Ya narkar da dalma ya cire kan lagireton, ya dinga zura wata siririyar waya a kowace jijiya yana turo dattin, fiye da rabinsu a toshe suke. Ya ce da wannan kaɗai ko sabuwar mota ce sai ta tafasa. Ya mayar ya liƙe, ya toshe bakunan, ya nutsa shi a rabin durom na ruwa, ya hura masa iska da famfon keke. Muka sunkuya muna jiran kumfa. Ko ɗaya bai taso ba. Lagireton ba shi da rami, bai taɓa yin rami ba, duk miyar da mazan hanyar Iware suka dafa mini a banza suka dafa ta.

Na gaya masa maganar Yaya. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya ce in ruwa yana shiga injin man yakan koma fari kamar kunu, wannan kuwa baƙi ne wuluk. Ya mayar da lagireton jikin mota ya cika shi da ruwa, ya sa na tada ta, ya tsaya a baya yana kallon salansa, babu farin hayaƙi. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ya shafa ƙarƙashin famfon ruwa, duk a bushe. Zuciyata ta fara sanyi, sai ya goge hannu ya ce shi aikinsa ya ƙare a nan. Ya ce bai ga alamar injin ya tsage ba, amma bai ga inda ruwan yake bi ba, kuma ba zai rantse cewa Yayana ya yi kuskure ba, don akwai tsagar da ba ta nuna kanta. Ya ce in yi haƙuri, mota ta tsufa.

Kalmar haƙurin nan ita ta tayar mini da rai. Tun ranar da mijina ya kwanta ake ce mini in yi haƙuri, na gaji da ita. Na ce masa ruwa ba aljani ba ne, dole ta wani wuri yake fita. Ya ce haka ne. Na koma gida, kafin in isa ruwan ya sake raguwa.

Washegari ban fita ba. Na zauna wankin fararen rigunan makarantar yara, hannuna yana aiki kaina yana cikin injin. Ina da wani tsohon baho na ƙarfe da ya daɗe yana yoyo, na sha juya shi ina neman ramin ban gani ba, don ruwan yana bin gindinsa ya watsu. Ranar na jiƙa bula a ciki don ɗauraye rigunan, na tafi shanya. Da na dawo na ɗaga bahon, sai ga wani siririn layi shuɗi a jikinsa, ya taso daga bakin haɗin ƙarfen ya gangara ƙasa. Rana ta riga ta busar da ruwan, amma shuɗin yana nan. Na tsaya da bahon a hannu ina kallon layin, sannan na juya na kalli motar.

Ranar makwabta suka sha kallo. Na buɗe bonet na wanke injin da kananzir da garin sabulu da tsohon burushi, dattin shekara da shekaru, har ƙarfen ya fito. Matar gidan da ke kusa da mu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wankan gawa nake yi masa. Na ce mata eh, in an gama za a kira ta ta yi waƙa. Na bar shi ya sha rana. Sannan na ɗebo garin rogo a rariya na bi shi ko'ina ina barbaɗawa, inda rariya ba ta shiga na watsa da hannu, har injin ya yi fari fat. Na jiƙa bula mai kauri, fiye da wanda zan sa wa kowace riga, na cika lagireto da shi na ɗaure murfi. Wasu maza masu wucewa suka tsaya suka ce to, yau kuma bula ne maganin. Na ce musu ni ba magani nake ba ta ba, tambayarta nake yi. Ba su gane ba, ni kuma ban tsaya yi musu bayani ba.

Na tada ta na zagaya unguwa har allura ta hau, na dawo na tsaya ban kashe ba. Garin da ya faɗa kan bututun hayaƙi ya fara ƙauri. Na duba gaba, fari. Na duba wajen famfon ruwa da bakin kowane tiyo, fari. Na duba sama inda kan injin ya haɗu da jikinsa, wurin da aka ce ya tsage, fari tas. Wuri ɗaya ne ido ba ya kaiwa, gefen injin a ƙarƙashin bututun hayaƙin, can ta baya kusa da bangon da ya raba injin da mazaunin direba. Na shiga ɗaki na ɗauko madubin gwangwanin hodata, na naɗe hannu da tsumma na zura shi. Bututun ya taɓa mini tsintsiyar hannu, tabon yana nan har yau, amma ban janye ba.

A cikin madubin na ga layin. Shuɗi ne siriri a kan farin gari, ya taso daga wani ɗan murfin ƙarfe mai zagaye kamar kwandala da ke manne a jikin injin. Tsatsa ta ci gindinsa ta yi ɗan rami da bai fi bakin allura ba. Ina kallo ɗigo ya taru, ya faɗa kan bututun mai zafi, ya yi cuu ya ɓace. Wani ya taru, ya faɗa, ya ɓace. Shi ya sa ƙasa take bushewa. Ruwan ba ya isa ƙasa, wuta take shanye shi a hanya, kuma in mota tana gudu da kaya ɗigon yakan zama tsartuwa.

Na kashe injin na zauna a kan dutsen wanki. Murna ta zo, haushi ya biyo ta. Abin da bai kai tafin hannun jariri ba shi za a raba ni da abincin yarana a kansa, kuma duk cikin masu rantsuwa babu wanda ya sunkuya ya duba.

Da yamma na koma wajen Malam mai lagireto da injina fari kamar an yi masa kwalliya. Na miƙa masa madubin na nuna masa inda zai zura. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce ya san murfin, irinsu suna nan a jikin kowane injin, ruwan rijiya ne yake cinye su ta ciki, amma bai taɓa tunanin na bayan nan ba don ba a ganinsa. Ya ce aikin makanike ne, ba nasa ba. Na ce masa makanikai sun riga sun yanke wa motar hukunci, ni shi na yarda da shi, don shi kaɗai ya taɓa ce mini bai sani ba. Ya yi murmushi ya ce in je shagon kayan gyara in kawo sabo, ya kwatanta mini girmansa da yatsu.

Washegari aikin ya ci mana yini guda. Sai da aka cire bututun hayaƙin kafin hannu ya kai, notocinsa kuwa sun haɗe da tsatsa tun kafin in yi aure. Ɗaya ya ƙi motsi sam. Malam ya ce in ya karye a ciki mun shiga uku, don haka ya dinga gasa shi da wuta yana ɗiga masa mai, ya jira, ya taɓa sifana a hankali, ya sake gasawa. Ni ina riƙe da fitila ina addu'a da yarenmu, shi yana tasa ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe noton ya saki. Ya sa kurfi a gefen tsohon murfin ya buga har ya juya, ya kama shi da filaya ya zaro. Na karɓa na ɗaga shi sama, rana tana shigowa ta ramin, bayansa duk ya zama ɓawon tsatsa. Ya goge bakin wurin da takardar yashi, ya shafa gam, ya daidaita sabon, ya dinga buga shi a hankali da guduma har ya zauna daram. Muka yi ta zuba ruwa muna zubarwa har ya daina fitowa da shuɗi da datti. Ya ce daga yau ruwan famfo ko na sama zan dinga sa mata, kuma duk namijin da ya nufo lagireton nan da ƙulli a hannu in kore shi. Na ce wannan ba sai ya faɗa ba.

Da safiyar kasuwar Iware Yaya ya iso da mutuminsa a wata mota, igiya a naɗe a baya. Sun tarar da injin yana aiki tun da wuri, ni ina zaune a ciki na ɗaura ɗankwali. Na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce ya duba ƙasa. Ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce ƙasa ai dama kullum a bushe yake, wannan shi ne ciwon. Gaskiya ya faɗa, busasshiyar ƙasa ba ta shaidar komai. Mai sayen motocin yana ta ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa yana leƙen tayoyi, kamar an riga an ba shi.

Na kashe injin, muka jira ya huce. Na ce wa Yaya ya buɗe murfin da hannunsa ya ga inda ruwa yake. Ya gani, har baki. Na ce ya ɗaure da kansa.

"Shiga mu je Iware mu dawo da kaya, Yaya. In mun dawo kai za ka buɗe. In ya ragu, ga makulli."

Ya ce shi ba ya shiga motan da mace yake tuƙawa. Na ce to ya koma ya faɗa wa dattawa cewa motar tana tafiya amma shi ne ya ƙi shiga. Ya tsaya yana taunar baki. Ya sallami mutumin ya ce ya dawo da yamma, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar da nake zama lokacin da mijina yake tuƙi.

Har muka wuce gada idonsa yana kan allura. Ni ma nawa yana kanta, ban dai bari ya gani ba. Muka hau tudun da na saba tsayawa, ta ɗan motsa ta tsaya a tsakiya. A Iware na yi lodi fiye da yadda na saba, da gangan, doya har ta fi ƙarfen baya tsawo, da buhunan masara a sama. Mai shayin nan ya hango ni ya taso yana tambayar ko ƙwansa ya yi aiki, na ce masa ya yi, mun ci da burodi. A hanyar dawowa rana ta take, motar tana nishi a giya ta biyu, Yaya ya dafe gaban mota da hannu biyu. Muka wuce Sunkani, muka wuce bishiyar da na yini a gindinta. Allura ba ta bar tsakiya ba.

A ƙofar gidansa na tsaya, a ƙarƙashin mangwaro. Muka zauna a benci muna jiran injin ya huce. Da lokaci ya yi ya tashi ya ɗauki tsumma ya murɗe murfin. Ya leƙa. Ya tsoma ɗan yatsa, bai kai gaɓa ɗaya ba ya taɓa ruwa. Ya mayar da murfin ya ɗaure, ya sauke bonet a hankali, ya tsaya da hannunsa a kai.

Na shirya wa rigima. Na ɗauka zai ce tunda ta gyaru sai ɗansa ya dinga tuƙawa, ko ya kawo wata sabuwar magana, na kuma tanadi amsar kowacce. Sai ya yi magana yana kallon bonet ɗin, muryarsa ƙasa.

"Kina canja giya kamar marigayi. Kullum da safe in na ji motan nan yana zuwa sai in tashi tsaye, in ce ga ƙanena. Sai in ga ke ne. Ni na goya yaron nan, matarmu. Na gaji da tashi tsaye."

Ban taɓa ganin idon Yaya da ruwa ba, ko a ranar jana'iza. Tausayinsa ya kama ni, na ga duk watannin nan ban san da wanda nake faɗa ba. Amma tausayin bai kai ga makullin ba. Ni ma ina jin ƙarar nan kowace safiya, kuma ni nake murɗa makullin da hannuna, ba ni da inda zan gudu daga gare ta, don daga ita yarana suke ci.

"Sai ka saba, Yaya," na ce masa. "Gobe ma zan wuce ta nan."

Ya ɗauke hannunsa daga kan bonet ya ja baya. Na shiga na tada ta, na sa giya, na nufi kasuwa kafin masu sarin doya su watse.